Agogon Kwalba Mai Lambobin Wuta

[Kiɗan buɗe shiri]

Wannan filinmu ne na kimiyya da sana'a. Ina gaida mutanen Bebeji da Tiga, da na Kiru har Kwanar Ɗangora, da na Tudun Wada, da 'yan'uwa na Doguwa da Riruwai can cikin duwatsu. Gaisuwa ta musamman ga malamai da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Bagauda, domin rabin zancen yau nasu ne.

Duk mai gyaran wutar da ke jina yanzu, ya laluba aljihun gaban rigarsa. Na san akwai testa. Ɗaga ta sama ka duba cikin marfin nan da ake ganin ciki. Za ka ga wani ɗan mitsitsin ƙwai na gilashi, da 'yan ƙarafa biyu a tsaye a cikinsa, ba su taɓa juna ba. Babu zaren nan da ke cikin tsohon ƙwan lantarki, wanda ke yin zafi har ya yi haske. Abin da ke ciki iska ce, ana kiranta niyon. In ka ɗora bakin testa a kan waya mai rai, ka sa babban yatsa a ƙarfen da ke bayanta, wata 'yar wuta kaɗan takan bi ta resistan da ke ciki, ta ratsa iskar nan, ta bi jikinka ta shiga ƙasa. Iskar ce ke kamawa da haske, ja-ja mai ruwan garwashi. Resistan nan kuwa shi ya tsaya tsakaninka da lahira, shi ya sa ba a amfani da testar da ta tsage ko ta sha ruwa.

To, a kan wannan hasken ne mutane a ƙasashe da dama suke haɗa agogo da hannunsu, don sha'awa kawai. Agogo ne na ajiyewa a kan tebur, da kwalabe huɗu ko shida a jere a tsaye, kowace kwalba da lamba ɗaya tana ci a cikinta. Sunan kwalbar Nixie.

A 1898 ne wasu masana biyu a Landan, William Ramsay da Morris Travers, suka gano iskar niyon a cikin iskar da muke shaƙa. A 1910 wani Bafaranshe, Georges Claude, ya nuna fitilar niyon a bainar jama'a a birnin Paris, daga nan ta zama fitilar tallar kantuna. Sai a 1955 kamfanin Burroughs na Amurka ya fito da kwalbar Nixie kasuwa, bayan ya sayi wani ƙaramin kamfani na 'yan'uwan Haydu da suka yi aikin ƙera ta. A lokacin injina sun fara iya lissafi da sauri, amma babu hanya mai sauƙi da za su nuna wa mutum amsar. Kwalbar nan ta toshe wannan giɓi. Ta shiga na'urorin awo na ɗakunan bincike, da injinan lissafi na ofis, da allon da ke nuna hawa na nawa lifta ta kai.

Bari in kwatanta muku cikinta, tunda rediyo ba ya nuna hoto. Ka ɗauka an yanko lambobi goma, daga 0 zuwa 9, daga siririn ƙarfe, kowace da cikakkiyar siffarta yadda ake rubuta ta a littafi. An jera su ɗaya bayan ɗaya, da 'yan ƙananan zobba na tangaran a tsakani don kada su haɗu. An kewaye su da raga ta ƙarfe. An zuƙe iskar cikin kwalbar, an sa niyon, aka liƙe. A gindin kwalbar akwai ƙafafu, kowace lamba da tata, raga ma da tata. Ka ba raga wuta, ka haɗa ƙafar lamba 7 da ɗaya ɓangaren, sai haske ya lulluɓe 7 ita kaɗai, sauran tara suna nan cikin duhu. Da yake wata lambar tana gaba wata tana can baya, in daƙiƙoƙi suna tafiya sai ka ga lambar tana matsowa tana ja da baya a cikin gilashin. Wannan shi ne abin da ke ɗaukar hankalin masu son ta. Agogon masallacinmu mai jan haske yana harhaɗa kowace lamba ne daga sanduna bakwai, shi ya sa 4 ɗinsa da 9 ɗinsa suke da kusurwa. Ta kwalba a lanƙwashe take, da ƙugu da wuya.

Mulkinta bai daɗe ba. A shekarun 1970 ƙwayayen LED suka zo, ga arha, ga su ba sa fashewa, ga shi batir ƙarami ya ishe su. Kamfanonin Amurka da Yammacin Turai suka daina ƙera kwalbar. Tarayyar Sobiyet ce ta ci gaba da yin ta da yawan gaske har zuwa wajen rushewarta a 1991, aka bar kwali-kwali a rumbunan ajiya ba a taɓa kunna su ba. Mafi yawan kwalaben da ake haɗa agogo da su yau daga wannan ragowar suke, daga Rasha da Yukiren. Akwai IN-12 da ake kallo ta samanta, da IN-14 mai tsayuwa, da babbarsu IN-18 wadda tsawon lambarta ya kai milimita 40. IN-14 tana da wani abin dariya: masu ƙera ta ba su wahalar da kansu wajen yin 5 ba, sai suka kifa 2 suka ce ga 5. Wasu masu saye suna ƙin ta saboda haka, wasu kuwa don haka ma suke nemanta.

Da ragowar ta fara ƙarewa, wani mutumin ƙasar Cek mai suna Dalibor Farný ya ɗaura ɗamarar farfaɗo da sana'ar a farkon shekarun 2010. Ya tarar da yawan waɗanda suka san aikin sun mutu ko sun tsufa, sai ya koma tsofaffin littattafai, ya koyi narka gilashi, ya koyi zuƙe iska, ya yi ta ɓata kwalabe har ya dace. Yau yana da ma'aikata, suna ƙera sababbi masu lamba milimita 50, suna aikawa ƙasashen duniya. Steve Wozniak ma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, an san shi da ɗaura agogon hannu mai irin wannan kwalba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan agogon kwalba mai lambobin wuta. Yanzu sai yadda ake haɗa shi, kuma nan ne nake son ƙannena masu gyaran waya da rediyo su matso kusa.

Matsala ta farko ita ce wuta. Kwalbar nan ba ta kamawa sai ta sami wajen bolt 170. Amma abin da take sha kaɗan ne ƙwarai, ƙananan irin IN-14 miliamfa 2 zuwa 3 kacal. Agogo mai irin waɗannan guda shida bai fi ƙaramin ƙwan sola cin wuta ba, batir mai bolt 12 zai riƙe shi. Tambayar ita ce, daga 12 yaya za a kai 170?

Duk mai gyaran babur ya san amsar ko da bai san ya sani ba. Kwayil ɗin da ke ba fulogi tartsatsi, ai daga 'yar ƙaramar wuta yake haifar da babba. In ka tura wuta cikin naɗin waya sannan ka yanke ta farat ɗaya, naɗin yakan yi tutsu, ya harbo wuta mai ƙarfi fiye da wadda ka ba shi. A agogon kwalba, taransista ce ke kunnawa tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Kowane harbi yana bi ta dayod, wanda ba ya barin wuta ta koma baya, ya taru a cikin kafasita har ya kai yadda ake so. Ana sayar da wannan da'ira a haɗe a kan ɗan allo, kuma mai haƙuri zai iya haɗa tasa da ɗan guntun nan mai ƙafa takwas, MC34063 ko 555.

Sai resista, kuma kada wanda ya manta da shi. Iskar niyon in ta kama ba ta san ta ƙoshi ba, za ta yi ta jan wuta har kwalbar ta lalace. Ga lissafin, ɗalibai ku rubuta. A ce da'irarka tana ba da bolt 180. Kwalba in ta kama takan riƙe kimanin 140. Saura 40. Kana son miliamfa 2 su wuce. Raba 40 da 0.002, ka sami 20,000. Ke nan resista mai om 20,000 za ka sa tsakanin wutar da ragar kwalba. Dokar Ohm ce da kuke haddacewa don jarrabawa, ga ta nan ta zama abin da in ka kuskure shi za ka ƙona kuɗinka.

A nan zan tsaya in ja kunne. Bolt 170 ba abin wasa ba ne. Kafasitan nan yakan riƙe wuta bayan an cire batir, ka kai hannu kana ganin komai a kashe yake, ya gaishe ka. Kafin ka taɓa, auna da mita. Ka sa babban resista a kan ƙafafunsa don ya riƙa sauke wutar da kansa. In kana awo da wuta a kunne, hannu ɗaya a aiki, ɗaya a aljihu, kuma da takalmi a ƙafa. Akwai wasu tsofaffin zane-zane da ke yawo a intanet waɗanda ke ɗebo wutar kai tsaye daga soket na bango ba tare da taransifoma ba. Ku bar su inda kuka gan su. Irin wannan agogon, duk ƙarfen da ke jikinsa zai iya zama waya mai rai, ga yara a gida.

Wa zai gaya wa kwalba lambar da za ta nuna? Yawancin masu haɗawa suna amfani da Arduino, ɗan allon nan mai ƙwaƙwalwa da aka fara yi a Italiya a 2005 don koyar da ɗalibai. Shi da bolt 5 yake aiki, in 170 ta taɓa shi ya tafi ke nan. Don haka ake sa ɗan aike a tsakani, wani guntu na Sobiyet mai suna K155ID1, takwaran 74141 na Amurka. Waya huɗu ke shiga cikinsa, goma ke fita. Ta yaya huɗu ke juya goma? Kowace waya ko dai a kunne take ko a kashe, in ka jujjuya huɗun za ka sami hali 16, aka ɗauki goma aka ba kowace lamba ɗaya. Yaron da ya gane wannan ya gane harshen da kowace kwamfuta ke magana da shi.

Yanzu ga inda mu a nan muka bambanta da Bature, wato wurin ƙirga lokacin kansa. Wutar da ke zuwa gidajenmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, gwargwadon juyawar injinan da ke samar da ita, irin na Kainji da Jebba da Shiroro. Agogunan tebur da yawa na Turai ba su da wani ma'auni a cikinsu, wannan kai da komon kawai suke ƙirgawa, in ya cika 50 su ce daƙiƙa ɗaya. Ko a can ɗin ma dabarar ta taɓa ba su kunya. A farkon 2018, saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo kan wutar lantarki ya sa juyawar ta ragu kaɗan a faɗin Turai, kafin watan Maris agogunan kicin da na gefen gado sun makara da kusan minti 6. To ina ga mu, da ake ɗauke wuta a dawo da ita, a koma janareta wanda ke gudu yadda man da ke cikinsa ya ga dama? In ka ga zanen agogon da ke dogara da wutar bango wajen ƙirga lokaci, ba naka ba ne. Ranar azumi zai sa ka ci sahur bayan an kira assalatu.

Abin da ya dace da mu shi ne kiristal. Buɗe kowane agogon bango mai batir, za ka ga wani ɗan siririn gwangwani mai ƙafa biyu. A cikinsa akwai ɗan yankin dutse da ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba: raba shi biyu, ka sake raba abin da ka samu biyu, haka har sau 15, za ka dira a kan 1 daidai. Sai dai kiristal yana da nasa hali. An yanka shi ne don ya yi daidai a zafin wajen digiri 25, in zafi ya haura ko ya sauka sai ya rage sauri. A zafin bazara na watan Afrilu, cikin ɗaki mai rufin kwano, zai riƙa makara kaɗan-kaɗan, da sanyin asubar hunturu ma haka. Maganin wannan wani guntu ne mai suna DS3231, wanda ke da ma'aunin zafi a cikinsa yana gyara kansa da kansa. Kuskurensa a shekara guda bai fi wajen minti 1 ba. Yana da ɗan batir mai kama da kwabo a bayansa, ko agogon ya mutu kwana da kwanaki, in wuta ta dawo zai tashi da lokaci daidai. A ganina, in kuɗinka na abu ɗaya mai kyau ne kawai, wannan za ka saya.

Kwalbar tana da wata cuta da ya kamata a sani. Lambar da ke ci takan riƙa fesa ɗan burbushin ƙarfe a kan maƙwabtanta. Wadda ake yawan kunnawa tana kakkaɓe nata, wadda ba a kunnawa kuwa sai ya taru a kanta. Duba kwalbar farko ta awa: 0 da 1 da 2 kawai take nunawa, daga 3 zuwa 9 suna zaune. Ranar da ka neme su sai ka ga haske ya kama rabi ya bar rabi. Shi ya sa ake rubuta wa Arduino umarnin ya riƙa zagaya duk lambobin da gudu lokaci-lokaci. Baƙo zai ɗauka ado ne, alhali magani ne. Da yawa daga cikin kwalaben kuma akwai ɗigon zaiba a ciki don su daɗe, in ɗaya ta fashe a buɗe taga, a share da takarda, kada a sa hannu. Ƙurar hunturu da laimar damina duk ba sa shiri da babbar wuta, don haka a sa kafinta ya yi wa agogon gida na katako mai murfin gilashi.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Na san wani zai ce, Malam, duk wannan a ina za mu samu? Gaskiya ita ce, kwalbar Nixie ba kayan kasuwarmu ba ce. Daga waje ake yin odarta, da dala, ga ta gilashi, ga hanya mai nisa, kuma manyan irin IN-18 tsadarsu kullum ƙaruwa take tunda ba a ƙara yin su. Ban ba kowa shawarar ya sayar da amfanin gonarsa don kwalba shida ba. Wanda kuma ya sayi agogon a haɗe, ya sayi kayan ado ne, bai koyi komai ba.

Amma ku lura, a duk abin da na lissafa, kwalbar ce kaɗai ke da wuyar samu. Resista, kafasita, dayod, taransista, mita, duk ana samunsu wurin masu kayan lantarki a Sabon Gari cikin Kano. Fara da allon lambobi na LED mai gida huɗu, da Arduino, da DS3231. Bolt 5 ne, ba ya kisa, cajar waya ma ta isa. In ya yi mako guda yana tafiya daidai da agogon wayarka, ka ci rabin aikin. Daga nan ka leƙa wurin 'yan gwangwan. Tsofaffin bidiyo da rediyon kaset da na'urar faifai suna da wani allo na gilashi mai haske kore-shuɗi. Shi ma kwalba ce da aka zuƙe wa iska, ɗan'uwan Nixie ne na nesa, kuma wutar da yake nema ba ta kai rabin tata ba. Ana fasa su kullum don a ciri tagulla. Ciro allon a hankali, ka bi ƙafafunsa da mita, ka gano wace ke kunna wane sashe. Wanda ya iya tayar da wannan, ranar da kwalbar Nixie ta shigo hannunsa ba zai ƙona ta ba.

Wata magana kan dalmar da kuke liƙi da ita. Irin wadda aka saba da ita, kashi 60 kuza ce, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Riruwai, kashi 40 kuwa dalma ce zalla, kuma guba ce. Sau nawa muke ganin mai gyara, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen liƙi, ɗaya riƙe da waya, zaren dalma kuma a baki? Ƙanena, cire shi. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010. Taka ba ta kai wannan yawa ba, amma a jiki take taruwa, ba ta fita da sauƙi. Wanke hannu kafin ka ci abinci, kada ka yi liƙi a ɗakin da yara ke kwana, kuma ka kawar da fuska daga hayaƙin.

Kirana ga malaman sashen lantarki a Bagauda da sauran makarantunmu na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa shi ne, a sa haɗa agogo cikin aikin hannu na ɗalibai. A raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya haɗa nasa, a jera su a aji, a dawo bayan wata guda a ga na wa ya makara, a kuma tambaye su dalili. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana kwance tsohuwar rediyo yana tara 'yan ƙananan kaya a gwangwani, kafin ku ce ɓarna yake yi, ku kai shi wurin mai gyaran da kuka yarda da shi, ku saya masa mita.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Mai tambaya ko wanda ya riga ya haɗa wani abu da hannunsa, ya aiko mana ta hanyoyin da aka saba, za mu karanta a shiri na gaba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]